Ragon da na kiwata da hannuna, daga turke har bakin wuta

A Zariya aka haife ni, kuma a gidanmu naman layya a tukunya yake ƙarewa: a yanka, a daddatsa, a tafasa, sannan mata su wuni suna suya har dare ya raba. Sai da aiki ya kawo ni Sakkwato na fara ganin raguna a tsaye a ƙofar gidaje, an buɗe su an ɗame a jikin sanduna, sun kewaye wuta kamar masu jin ɗumi, tun daga azahar ɗin ranar Sallah har gari ya waye. Shekara uku ina sayen rago ana jibi Sallah, in yanka in miƙa wa maƙwabcina, wani dattijo da ya tashi a cikin kiwo wanda muke kira Baba, ya haɗa da nasa ya gasa. A Sallar 2024 na sayi rago da tsada ƙwarai, amma da aka feɗe shi sai ga haƙarƙari a fili babu kitsen kirki, kuma da ya kwana a bakin wuta ya bushe ya zama kamar itace. Na tambayi dattijon ko wuta ce ta yi masa yawa. Ya girgiza kai ya ce, “Malam, wuta ba ta sa wa rago abin da turke bai sa masa ba.” A ranar na ƙudura a raina cewa ragon baɗi ni zan kiwata shi, ni zan yanka, kuma ni zan tsaya a kan wutarsa.

Abin da Baba ya fara sa ni yi ba sayen rago ba ne, sayen harawa ne. A ƙarshen Nuwamba, lokacin da manoma suka gama cire wake da gyaɗa, harawa tana da araha kuma ganyenta bai kakkaɓe ba, amma duk wanda ya bari sai bazara zai saye ta ninki, ya kuma samu kara ya fi ganye yawa. Na sayi dammunan harawar wake da ta gyaɗa, na ƙara da buhunan kowa, wato ɓawon wake, muka ɗora su a kan rumfa nesa da ƙasa saboda gara, muka rufe da tsohuwar zana don kada rana ta cinye korensu. Wata guda cur abincin yana ajiye kafin mai cinsa ya iso.

A farkon Janairu na 2025 muka tafi kasuwar Illela, wadda ke ci ranar Lahadi a bakin iyakar Nijar, tsallaken garin Ƙonni. A hanya na riga na sa Balami a raina, farin ragon nan mai tsayi da gantsararren hanci da manyan kunnuwa, domin shi ne ke cika ido. Baba ya hana ni. Ya ce Balami babban gida ne, cika shi sai mai hali, kuma idan ba a cika shi ba ƙashi za a kafa a bakin wuta. Ya kai ni wajen Uda, masu launi biyu, gaba baƙi ko ja, baya fari, kamar an tsoma rabinsu a rini. A can na ga yadda ake duba dabba. Bai fara da kallon ƙaho ba, baki ya fara buɗewa. Rago yana fitar da manyan haƙoran ƙasa guda biyu ne idan ya kai shekara zuwa shekara da rabi, kuma irin wannan muke nema: ya wuce shekarun da shari'a ta gindaya, tun da a littafin fiƙihu na Risala an ce mafi ƙarancin abin da ke isarwa a jinsin tumaki shi ne ɗan shekara guda, sannan har yanzu jikinsa yana karɓar abinci yana mayar da shi tsoka. Ya ja fatar ido ya ga ja ce ba fara ba, ya duba hanci babu majina, ya ɗaga wutsiya ya tabbatar babu alamar gudawa, ya sa yaro ya ja ragon ya ga tafiyarsa. Daga nan ya ɗora tafin hannu a gadon baya ya matsa. Ya ce ciki yana yaudara, don akwai masu ba dabba gishiri ta sha ruwa ta kumbura kafin a shigo da ita kasuwa, amma gadon baya ba ya ƙarya. Wanda muka ɗauka ba shi da ƙiba, sai dai yana da faɗin ƙirji da tsawon jiki. Muka yi ciniki, aka sallama, na biya dillali la'adarsa, muka ɗaure shi a bayan mota.

A gida na riga na kafa turke a ƙarƙashin rumfar zana, na zuba yashi, na ajiye komi biyu, ɗaya na abinci ɗaya na ruwa. Washegari malamin dabbobi ya zo ya ɗura masa maganin tsutsar ciki, ya yi masa allurar da ke kashe kaska da ƙwarin fata, bayan kwanaki kuma ya dawo ya yi masa rigakafin annobar tumaki da awaki. Makon farko ya tayar mini da hankali, domin ragon daji ne da bai san dusa ba, ya shinshina ya kau da kai, da dare kuma ya yi ta kuka yana neman garkensu. Na bar shi a kan harawa zalla, ina barbaɗa dusar gero cikin tafin hannu a kan kowa, da ɗan gishiri, har ya saba. Daga nan na riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, sai da muka yi wata guda kafin ya kai mudu ɗaya a yini, rabi da safe rabi da yamma, kullum bayan ya fara cin harawa. Maiɗakina tana tara masa ƙasari duk ranar da aka yi surfe, muna jefa ɗan guntun kanwa a ciki. Kowace safiya kafin in tafi aiki nakan share kashinsa in tara a buhu, in wanke komin ruwa, in tsaya in ga ya kwanta yana tuƙa. Na lura cewa tuƙar nan ita ce babbar shaidar lafiyar rago, duk ranar da ya daina ta akwai magana.

Maganar kuwa ta zo a cikin azumi, a watan Maris. An jiƙa gero a babbar roba don kunun buɗa baki, aka ajiye a tsakar gida, kowa ya shiga ɗaki saboda zafin rana, ragon ya zame igiyarsa ya cinye fiye da rabi. Ba mu ga komai a ranar ba. Da asuba, bayan sahur, na haska shi da fitila na tarar da shi tsaye ya sunkuyar da kai, gefen cikinsa na hagu ya kumbura ya yi tauri, idan na buga da yatsa sai ya yi ƙara kamar ganga, yana cizon haƙora, bai ko kalli harawar da na miƙa masa ba. Na kira malamin dabbobi tun kafin rana ta fito. Ya ɗura masa ruwan magani mai kashe tsami da ɗan man gyaɗa, ya sa muka tsayar da shi gabansa ya fi bayansa tudu muna murza cikin har ya fara gyatsa. Yana aikin yana yi mini bayani: a cikin tumbin dabba akwai ƙananan halittu da ke narkar da ciyawa, kuma idan tsaba mai yawa ta faɗa musu lokaci ɗaya sai ta yi tsami, tumbin ya tsaya cak, iska ta taru, dabbar tana iya mutuwa cikin yini ɗaya ko biyu. Ya ce abin da geron nan ya yi a dare ɗaya shi ne abin da masu gaggawar ƙiba suke yi da hannunsu idan suka tula wa rago dusa. Kwana uku ragon yana gudawa, ba ya cin komai sai busasshiyar harawa, kuma sai a rana ta huɗu na gan shi ya kwanta yana tuƙa. Naman da ya tara a makonni biyu ya zube, muka koma kan dusa daga tafin hannu kamar ranar farko. Tun daga lokacin na sauya ɗaurin igiyar, na kuma kafa doka cewa ba a barin hatsi ko leda a tsakar gida, domin leda ma tana kashe dabbobin gari da yawa, ta dunƙule a tumbi dabba ta yi ta ramewa ba a san dalili ba.

Afrilu da Mayu a Sakkwato zafi yakan haura digiri 40, kuma rago ba ya cin abinci da tsakar rana a irin wannan yanayi. Na mayar da ciyarwar zuwa bayan sallar asuba da bayan isha'i, ruwa kuma sau uku a yini, a inuwa. Baba ya kawo mini buhun 'ya'yan gawo daga ƙauyensu, ragon yana cinsu ana jin ƙaras ƙaras daga ɗaki. Da la'asar sakaliya babban ɗana yakan ja shi su zaga unguwa, domin dabbar da ba ta motsi kitse take tarawa a ciki, ƙafafunta kuma su yi rauni. A wannan lokaci ne jikinsa ya buɗe sosai: wuya ya cika, ƙashin baya ya nutse har sai na danna da ƙarfi nake jinsa, gashinsa ya kwanta yana sheƙi.

Yara sun shaƙu da shi, musamman ƙaramar 'yata wadda take ba shi ɓawon kankana da hannunta. Ban taɓa ɓoye musu makomarsa ba. Tun ranar da ya shigo gidan na gaya musu cewa na layya ne, kuma kyautata masa da muke yi yana cikin ibadar, ba wani abu ne daban ba. A ganina wannan ya fi a bar yaro ya ɗauka abokin wasa aka kawo masa, sannan ranar Sallah ya ga wuƙa.

A watan Mayu gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasar gabanin Sallah, kuma da yake raguna masu yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu daga can suke shigowa, farashi ya ƙara tashi. Mutum biyu suka taya ragona a ƙofar gida, na ce ba na sayarwa ba ne. Da na zauna da littafin da nake rubuta kuɗin harawa da dusa da magani, na ga na kashe ƙasa da abin da zan biya a kan irinsa a kasuwa, amma ratar ba ta kai yadda mutane ke zato ba, kuma ban sa wahalar wata biyar a lissafin ba. Ribar da na fi gani ita ce na san duk abin da ya shiga cikinsa. Malamin dabbobi ya gargaɗe ni cewa magani yana daɗewa a jikin dabba, don haka a watan ƙarshe ko allura ɗaya ba a yi masa ba.

Da fadar Sarkin Musulmi ta sanar da cewa Laraba 28 ga Mayu ce 1 ga Zulhijja, muka san Sallah ta faɗo ranar Juma'a 6 ga Yuni, sai muka shiga neman itace. Baba ya nace a kan busassun gungumen ƙirya da marke, saboda suna ci a hankali suna barin garwashi mai daɗewa, ya kuma hana a sa ɗanyen itace ko katakon da aka yi wa fenti, don hayaƙinsu yana kama nama. Muka samo sanduna biyu biyu ga kowane rago, ɗanyu, kaurinsu kamar damtsen yaro, tsawonsu ya ɗara mutum, aka feƙe bakinsu, da wasu gajeru na tokare ƙirji. Ranar jajibiri da yamma na ɗauke masa abinci na bar masa ruwa kawai, don tumbi ya yi sauƙi a wajen fiɗa. Wuƙar kuwa a bayan gida na wasa ta, inda ba zai gani ba.

Bayan mun sauko daga idi muka jira har aka tabbatar liman ya yanka nasa, tun da a mazhabar Malikiyya wanda ya riga liman ba shi da layya. Na kwance shi da kaina. Ya biyo ni ba tare da na ja igiyar ba, kamar yadda ya saba bina zuwa komi, kuma a nan ne na ji nauyin abin da ban taɓa ji ba a shekarun da nake yanka ragon kasuwa. Muka kwantar da shi a gefensa na hagu yana fuskantar alƙibla, ɗana ya riƙe ƙafafu, na ce “Bismillahi, Allahu Akbar,” na yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ban ɗaga hannu ba. Muka bar shi sai da ya daina motsi gaba ɗaya kafin a taɓa fatarsa.

Fiɗar ragon da za a kafa a bakin wuta ta sha bamban da ta ragon suya, domin ba a raba gaɓoɓinsa. Mahaucin da na ɗauka, wanda na biya ladansa daga aljihuna tun da ba a biyan mai fiɗa da naman layya, ya tsaga fatar ƙafar baya ya hura iska, ya feɗe da dunƙulen hannu fiye da wuƙa don kada ya yanki naman. Ya cire kai da ƙafafu aka kai wa yara su babbake, ya tsaga ciki ya fitar da kayan ciki mata suka ɗauka, sannan ya fasa ƙashin ƙirji ya danna haƙarƙari gefe da gefe har ragon ya buɗe ya kwanta shimfiɗe. Baba ya sunkuya ya duba hantar ya ga babu tabo, ya ɗaga farin kitsen da ya lulluɓe ƙoda, bai ce komai ba. Aka soka sanda ɗaya daga cinyar dama ta fita ta kafaɗar hagu, ɗayar daga cinyar hagu ta fita ta kafaɗar dama, suka gicciye a bayan ragon, aka tokare ƙirjin da gajerun sanduna. Ya sa na tsattsaga cinyoyi da kafaɗu da bakin wuƙa har kusa da ƙashi, muka cusa gishiri. Yaji kuwa ya ce a bari sai an sauke, domin idan ya daɗe a gaban wuta ƙonewa yake yi ya yi ɗaci.

Gida huɗu muka haɗa wuta ɗaya a ƙofar gidan Baba, raguna shida. An jera gungumen a tsaye a tsakiya, an haƙa ƙananan ramuka a kewaye, aka kafa ragunan kimanin taku biyu daga wutar, sun ɗan rusuna zuwa gare ta, cikinsu na fuskantarta. A ƙarƙashin kowanne aka ajiye kwano don tarar kitse. Harshen wuta ba ya taɓa naman ko kaɗan, zafin da ke bugowa ne yake dafa shi yana tsotse ruwansa, kuma wannan ne sirrin daɗewarsa ba tare da firji ba a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas.

Awa biyu na farko kamar babu abin da ke faruwa. Naman ya ɗan yi duhu, ya daina sheƙi, shi ke nan. Da la'asar ta yi na kasa haƙuri, na tumɓuke sandunan nawa na matso da su kusa. Ba a yi minti goma ba gefen haƙarƙarin ya fara baƙi yana hayaƙi. Baba ya taso daga tabarmarsa ya ce, “Ɗana, mayar da shi inda yake. Idan bayan ya ƙone ya rufe, zafi ba zai shiga cinya ba, gobe ka tsaga ka tarar da jini a jikin ƙashi, jibi kuma ya yi wari.” Ya kama hannuna ya kai daidai inda naman yake, ya ce in ƙirga. Idan zan iya riƙe hannun a wurin har in ƙirga goma a natse, zafin ya yi daidai. Idan na janye kafin biyar, ya yi yawa. Da wannan awo na yi aiki har gari ya waye.

Bayan magariba kitsen ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, a cikin kwano, ƙamshi ya cika layin. Muka juya ragunan bayansu ya fuskanci wuta, muna tsoma tsumma mai tsabta da aka ɗaura a kan sanda cikin narkakken kitsen muna shafa wa wuraren da suka fara bushewa. Iska takan sauya ta kwantar da zafin gefe ɗaya, sai a ja garwashi da shebur zuwa ɗaya gefen. Cinyoyi sun fi ko'ina kauri, don haka da dare ya yi nisa aka tara rushi a daidai su, haƙarƙari kuma da ya riga ya nuna aka rage masa. Mata suka aiko da soyayyar hanta da tuwo da miyar kayan ciki, muka ci a nan bakin wutar, samari suna dafa shayi, ana hira ana korar karnuka. Wajen ƙarfe biyu na dare Baba ya soka siririyar wuƙa a cinyar ragona har ta taɓa ƙashi, ya zare, ruwan da ya biyo ta fari ne tas babu ja. Ya ce a daina ƙara itace, a bar shi ya kwana a gaban garwashi ya ƙarasa tsanewa.

Da hantsi muka sauke shi a kan sabuwar tabarma da aka shimfiɗa wa takarda. Ya yi ja ya koma ruwan ƙasa, bayansa ya yi ƙamas, amma da na ja kafaɗa sai ta rabu da ƙashi ba tare da wuƙa ba, cikinta da laushi da danshi, wurin da na ƙona kawai ne muka kankare. Na yanka wa 'yata tsoka daga gadon baya na barbaɗa mata yaji, ta karɓa ta ci. Muka ware na maƙwabtan da ba su samu yin layya ba, da na almajiran makarantar allon unguwa, da cinya guda da na sa a mota zuwa Zariya, sauran kuma maiɗakina ta daddatsa ta ƙara soyawa sama sama a cikin kitsensa don ajiya. Fatar na bayar sadaka, tun da ba a sayar da komai na layya.

Da na kai wa Baba nasa kason, sai ya ɗauko kwanon kitsen ragona ya ajiye kusa da na nasa, nawa ya kusa ninka nasa. Ya ce, “Naman ya yi, Malam, Allah ya karɓa. Amma ka ga wannan? Dusar watan ƙarshe ce ta narke ta zuba a kwano. Baɗi idan Allah ya kai mu, ka rage ta da kashi ɗaya cikin uku tun saura mako huɗu, ka ƙara masa harawar gyaɗa.” Na ce, “To, Baba.” Da na koma gida na buɗe littafin lissafin, na rubuta hakan a ƙasan shafin watan Mayu.